Yaron da aka kai riƙo wata ƙasa

Ka san riƙon ɗan dangi. To, akwai riƙon da ke ƙetare iyaka.

Bayan 1989, an tarar da gidajen marayu na Rumaniya cike da yara ramammu, babu mai goyo, babu mai yi musu wasa. Iyalai a Ingila sun ɗauki waɗansu.

Da hwarko za ka ga yaro zaune yana ta girgiza jiki, ko ya bi kowane baƙo kamar uwarsa. Wannan ba sakin jiki ba ne, rashin saba wa mutum guda ne. Jiki kam bai daɗe ba ya murmure.

Masana sun bi su shekara da shekaru. Waɗanda anka ɗauka kahin wata 6, galibi sun kamo tsaransu. Cikin waɗanda sunka daɗe, wasu sun girma da ƙarancin natsuwa.