DAGA ZURIK ZUWA GARKIDA: LABARIN MASU ƘIN ƊAUKAR MAKAMI

Mutumin Arewa da ke zaune a Ikko, in dai mai yawan zaga gari ne, ba zai rasa cin karo da allon wata majami'a mai haruffa uku ba, watau E.Y.N. Fassararsu da Hausa take: Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Galibin masu taruwa a ciki Burawa ne da Margi da Kilba da Higi da mutanen Cibok, waɗanda aiki ko fatauci ko gudun fitina ya kawo su Kudu. Amma ba kowa ya san cewa wannan jama'a reshe ce ta wata tsohuwar ɗarikar Kirista mai shekara 500 ba, wadda aka san ta da abu guda: ba ta yarda mutum ya ɗauki makami ya kashe ɗan Adam ba, ko da ramuwa ce.

ASALINSU

Abin ya tsiro ne a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, ran 21 ga Janairu, 1525. A daren nan waɗansu samari suka yi wa junansu baftisma, suka ce wadda aka yi musu suna jarirai ba ta wadatar ba, sai mutum ya yi hankali ya zaɓa da kansa. Abokan gabansu suka laƙaba musu suna Anabaftis, watau masu sake baftisma. Ban da wannan kuma suka ƙi rantsuwa a gaban alƙali, suka ƙi zuwa yaƙi.

Hukuma ba ta ɗauki abin da wasa ba. Cikin 1527 aka ɗaure ɗaya daga cikin shugabanninsu, Felix Manz, aka jefa shi kogin Limmat ya nutse. Cikin 1536 wani fada ɗan ƙasar Holan, Menno Simons, ya shiga cikinsu ya tattara waɗanda suka warwatse. Daga sunansa ne aka sami Menonawa. Can kuma a Jamus, cikin 1708, mutum takwas ƙarƙashin Alexander Mack suka kafa wata ƙungiya mai irin wannan ra'ayi, suka kira kansu 'Yan'uwa. Tsanani ya sa da yawa daga ɓangarorin biyu suka haye teku zuwa Amurka da Kanada. Daga can ne jikokinsu suka zo Nijeriya, ta ƙofa uku.

ƘASAR NUFE DA ƘASAR IBIBIYO

Ƙofa ta farko ita ce bakin Kwara. Cikin 1905 wani mutumin Kanada, A. W. Banfield, ya sauka a Tsonga, wadda ke Jihar Kwara yanzu, da sunan wata ƙungiyar Menonawa. Ya iya Nufanci ƙwarai da gaske, har ya rubuta ƙamus, ya juya Littafi Mai Tsarki da harshen, ya kuma kafa injin ɗab'i. Aikin ya yaɗu zuwa Jebba da Mokwa, ya haura har Tungan Magajiya da ƙasar Zuru. Shi ne ya zama ekklesiyar U.M.C.A. mai hedkwata a Ilori, ko da yake ta daɗe da barin sunan Menonawa.

Ta Kudu maso Gabas kuwa, ba Turawa suka fara nema ba, nemansu aka yi. Cikin 1958 waɗansu majami'u masu cin gashin kansu a ƙasar Ibibiyo suka aika Amurka suna son a karɓe su. Shekara ta gaba aka turo Edwin Weaver da matarsa Irene zuwa Uyo. Likitocinsu kuma suka yi aiki a asibitin Abiriba. Yaƙin basasa na 1967 ya kori Turawan, amma ekklesiyar ta tsaya da ƙafarta, tana nan a Jihar Akwa Ibom da suna Menonawa.

GINDIN TSAMIYA

Ƙofar da ta fi faɗi ita ce ta Arewa maso Gabas. 'Yan'uwa biyu daga Amurka, H. Stover Kulp da Albert Helser, sun so zama a Biu, Turawan mulki ba su ba su izni ba, sai suka gangara Garkida a bakin kogin Hawul. Ran 17 ga Maris, 1923, suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya. Shekara guda bayan haka matar Kulp, Ruth, ta rasu a can, amma bai naɗe tabarmarsa ba.

Makaranta da magani suka sa gaba. Suka gina asibiti a Garkida, da zangon kutare a Virgwi kusa da nan, inda marasa lafiya ke zuwa daga nesa, Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya. Suka buɗe tasha a Lassa cikin Margi, da Marama, da Cibok. Makarantun Waka kusa da Biu sun yaye malamai da ma'aikata masu yawa, su ne kuma suka fara makarantar Hillcrest ta Jos cikin 1942.

Mai karatu ya san zazzaɓin Lassa. To, a asibitin 'Yan'uwa na garin Lassa ne wata nas Ba'amurkiya, Laura Wine, ta kamu da shi cikin Janairu 1969. Aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Jos, ta rasu a can. Daga nan ne likitoci suka gano cutar, suka sa mata sunan garin.

Cikin 1972 ekklesiyar ta sami 'yancin kanta, ragama ta koma hannun 'yan ƙasa, da hedkwata a Kwarhi kusa da Mubi. Har yanzu suna riƙe da al'adun kakanninsu na Jamus: nitsar da mai baftisma sau uku cikin ruwa, da wanke wa juna ƙafa kafin cin jibin ƙauna.

RANAR GWAJI

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Garuruwan da E.Y.N. ta fi yawa, su ne Boko Haram ta fi yi wa ɓarna: Gwoza, Cibok, Askira, Madagali, Micika, Mubi. Ran 14 ga Afrilu, 2014, aka sace 'yammata 276 daga makarantar Cibok, makarantar da 'Yan'uwa suka fara kafin gwamnati ta karɓe ta. Mafi yawan 'yammatan 'ya'yan wannan ekklesiya ne. Ran 29 ga Oktoba na shekarar aka ci Kwarhi kanta, shugabanni suka gudu Jos, ba su koma ba sai 2016. An kashe dubban mutanensu, an ƙone majami'u masu yawa. Cikin Janairu 2020 aka kashe fastonsu Lawan Andimi na Micika bayan an sace shi, wata guda bayan haka aka kai wa Garkida hari.

Abin lura a nan shi ne, maƙwabtansu Musulmi ma ba su tsira ba, tare aka yi gudu. Shugabannin ekklesiyar suka yi ta jan kunnen samarinsu kada su rama a kan maƙwabci, domin ba shi ya yi ba. Kayan agajin da 'yan'uwansu na Amurka suka aiko, an raba har da Musulmi. A Gurku kuma, cikin Jihar Nasarawa, wani ma'aikacin E.Y.N. ya jagoranci kafa ƙauyen 'yan gudun hijira inda Musulmi da Kirista ke zaune wuri guda, da masallaci da majami'a.

Ba a ce abin ya zo da sauƙi ba. Wanda aka kashe wa uba, aka ƙone masa rumbu, ba ya rasa tambayar ko har yaushe za a yi ta haƙuri. Ita ce dai tambayar da mutanen Zurik suka sha tun zamanin Felix Manz, ga ta kuma a bakin kogin Hawul.

Cikin Maris 2023 jama'ar E.Y.N. suka yi bikin cika shekara 100, suka koma Garkida inda aka fara. Mazauna Sabo da Agege da Idi-Araba sun fi kowa sanin yadda ƙaramar rigima ke zama gobara in kowa ya ce sai ya rama, sun kuma san darajar maƙwabcin da ba ya ɗora wa mutum laifin wani. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.