Robert Smalls: Bawan da Ya Tsere da Jirgin Yaƙi Ya Shiga Majalisa

Shirinmu na yau zai kai mu tashar jiragen ruwa ta Charleston, a jihar South Carolina ta Amurka, cikin daren da ya waye 13 ga Mayu, 1862.

Yaƙin basasa ne ake gwabzawa, jihohin Kudu masu riƙe da bayi sun ɓalle. A bakin tashar akwai wani jirgi mai suna Planter, maƙare da manyan bindigogin sojan Kudu. Kyaftin da mataimakansa, dukkansu farar fata, sun sauka sun tafi kwana gida, sun bar bayi a ciki. Matuƙin jirgin, Robert Smalls, bawa ne ɗan shekara 23.

Wajen ƙarfe uku na dare ya ɗora malafar kyaftin a ka, ya tada inji. Ya ratsa wani mashigi ya kwashi matarsa Hannah da 'ya'yansu da iyalan abokan aikinsa. Da ya iso gaban sansanin Fort Sumter, ya busa usur ɗin jirgi daidai yadda aka saba, ya harɗe hannuwa irin tsayuwar kyaftin. Masu gadi suka ba shi hanya. Yana wuce inda harsashi ke kaiwa, ya sauke tutar Kudu, ya ɗaga farin zanen gado, ya miƙa jirgin ga rundunar Arewa.

An haife shi a garin Beaufort a 1839, kuma yana ɗan shekara 12 ubangijinsa ya tura shi ƙwadago Charleston. A can ya san ruwan tashar kamar tafin hannunsa.

Bayan yaƙi ya faɗa siyasa a jam'iyyar Republican. Yana cikin waɗanda suka tsara tsarin mulkin jiharsa na 1868, inda ya dage a kafa makarantun gwamnati kyauta ga kowane yaro. Ya yi majalisun jiha, sannan a 1875 ya shiga Majalisar Wakilai a Washington, ya kuma riƙe kujerar sau biyar kafin 1887.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. A 1877, shekarar da gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga Kudu, aka same shi da laifin karɓar cin hanci, shari'ar da magoya bayansa suka kira bi-ta-da-ƙulli. Aka yi masa afuwa a 1879. A taron tsarin mulki na 1895 ya tashi ya ƙalubalanci shirin raba baƙar fata da ƙuri'arsu, amma aka fi ƙarfinsa.

Gidan da aka haife shi bawa a bayansa, a titin Prince, shi ya saya lokacin da aka yi gwanjonsa saboda bashin haraji. Da tsufa ya cim ma matar tsohon ubangijinsa, ya ba ta ɗaki ta zauna har ta rasu. Shi ma a gidan ya cika, ranar 23 ga Fabrairu, 1915. A 2023 rundunar ruwan Amurka ta sanya wa wani jirgin yaƙinta sunansa.