Yadda Ake Auna Tasirin Binciken Masani

Idan masani ya kammala bincike, yakan wallafa sakamakon a mujallar kimiyya bayan takwarorinsa sun tantance shi. Duk wanda ya dogara da wannan aiki daga baya, wajibi ne ya ambace shi, kuma yawan ambaton ake ƙirgawa don auna tasiri. A 2005 Jorge Hirsch ya ƙago ma'aunin "h": mai maki 20 yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20.

Sai dai alƙalumma ba sa faɗin komai. Fannonin garkuwar jiki da ƙwaƙwalwa suna da ɗimbin masu bincike, don haka ambato yakan yawaita a can.

Mu dubi gubar dalma da ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Maƙalar Carrie Dooyema da abokan aikinta ta 2012 ta nuna cewa a ƙauyuka biyu, yara 118 cikin 463 sun rasu a shekara guda, akasarinsu bayan jijjiga, alamar gubar ta taɓa ƙwaƙwalwa. Da annobar ta ɓulla a Jihar Neja a 2015, likitoci sun tarar da rubutaccen ilimi a hannu. Irin wannan amfani ba ya shiga lissafin Hirsch.