Ka Tono Tsohon Kwabo? Dakata Kafin Ka Goge Shi

Ka ga bidiyoyin TikTok ɗin nan, inda ake tono tsoffin kwabban tagulla da na'urar gano ƙarfe, a tsoma su cikin lemun tsami da gishiri, su fito suna ƙyalli? To ɗan'uwa, ɓarna ce. Koren nan da ya lulluɓe kwabon shi ke kare shi, shi kuma masu saye ke dubawa. Tsami na cinye shi, har ya taɓa rubutun. Ko kwabon 1959 mai huji ka samu, jiƙa shi a tataccen ruwa kwana biyu, ka cire ƙasar da tsinken sakace da burushi mai laushi, ka busar da shi sarai. Abin da ka kankare ba ya dawowa.