Ɗan Guci da karatun anformatik: lissafi ne ƙofar shiga

A Guci, haka ma a Dungas da Magarya, in an ce yaro "ya iya kwamfuta", abin da ake nufi sananne ne: yana buga takardar neman aiki, yana zuba wa'azi ko waƙa a memori, yana buɗe wayar da ta kulle. Sana'o'i ne masu ciyar da gida, ba wanda zai raina su. Sai dai karatun da ake kira anformatik a jami'o'in Nijar, ko kimiyyar kwamfuta a Najeriya, wani abu ne daban, kuma ɗalibai da dama ba sa gane hakan sai sun ga jadawalin shekarar farko cike da aljabara da mantiƙi, malami kuma yana gaban baƙin allo da alli a hannu.

Abin da ake fara koya shi ne algoridim, wato jera matakan warware matsala ta yadda na'urar da ba ta da hankali ko na anini za ta bi su ba ta ɓace ba. A ɗauki rajistar haihuwa ta ofishin magajin gari mai suna 1,000. In sunayen a hargitse suke, mai nema zai iya karanta duka dubun kafin ya dace. In kuwa an jera su bisa haruffa, sai ya buɗe tsakiya, ya ga ko sunan na gaba ko na baya, ya watsar da rabi, ya sake buɗe tsakiyar abin da ya rage. Dubawa 10 ta ishe shi. Ko sunayen sun kai miliyan 1, dubawa 20 ce kawai. Gano wannan dabara, da tabbatar da cewa ba za ta taɓa tsallake suna ba, da ƙididdige tsawon lokacin da za ta ci, shi ne zuciyar karatun, kuma da biro da takarda ake yin sa.

Daga nan ne ake shiga harsunan ba na'ura umarni, irin su C da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a 1972, da Python na Guido van Rossum da ya fito a 1991. Sai rumbun bayanai, da yadda na'urori ke magana da juna ta intanet. Duk wanda ɗansa ya taɓa aiko masa kuɗi daga Agadas ta NITA ko Amana ya ci moriyar darasin rumbun bayanai bai sani ba. Akwai ƙa'ida guda a ciki: ko dai aiken ya kammala gaba ɗaya, ko kuma a koma kamar ba a fara ba. In layi ya yanke ana tsakiyar aiki, bai halatta jaka 20 ta fita daga can ta kasa isowa nan ba, bai kuma halatta a biya ta sau biyu ba.

A ganina, makomar ɗan Guci a wannan fanni tun yana ɗan shekara 15 ko 16 ake yanke ta, ranar da ya ci BEPC aka raba ɗalibai tsakanin ɓangaren adabi (A) da na kimiyya (C da D). Mai bak C ko D ne sashen lissafi da anformatik ke nema. Wanda ya bi A, ƙofar ta kusa rufe masa. Yara kuwa ba don raggon kai suke gudun C ba. A kwalejojin karkara malamin lissafi wuyar samu gare shi, wanda aka turo sau da yawa ɗan kwantiragi ne da hankalinsa ke birni. Ƴan mata abin ya fi tsanani, don da yawa ba sa ma kaiwa ajin. Uban da ke tara kuɗin riɗi don saya wa ɗa kwamfuta, gara ya fara tambayar wa ke koya masa lissafi.

Wuraren karatun sun ƙaru. Da can sai Yamai, inda Jami'ar Abdu Mumuni ke da sashen lissafi da anformatik, ga kuma makarantar injiniyoyi ta EMIG. A 2010 aka kafa jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa. Ta Damagaram yanzu tana ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou. Ta Doso, da aka kafa a 2014, an ware ta ne musamman don fasahar sadarwa. Digirin farko, lisans, shekara 3 ne. Ƙetaren iyaka ma ba nisa: Najeriya ta kafa jami'ar fasaha a Babura a 2021, ga ta Dutse tun 2011, ga Bayero a Kano. Can kimiyyar kwamfuta galibi shekara 4 ce, da Ingilishi ake koyarwa, in an dawo kuma sai an nemi a daidaita takardar da ta gida. Ko wanda ya zauna a Nijar ba zai tsira daga Ingilishin ba, domin da shi na'ura ke faɗin inda aka yi kuskure.

Batun kayan aiki bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Tsohuwar kwamfutar hannu ta gwanjo ta isa a rubuta C da Python har a gama. Wuta ce matsalar: yankin Damagaram da Maraɗi ya daɗe yana dogaro da layin da ke tahowa daga Katsina ta Gazawa, an kuma ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke shi a Agustan 2023. Ga jinkirin burs, kuɗin tallafin karatu, da ɗalibai suka sha yin yajin aiki a kansa.

Akwai kuma fagen da ɗan wannan yanki ya fi ɗan Paris ƙarfi a ciki. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa. Google ya sa Hausa cikin manhajar fassararsa tun 2013, masu bincike irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero kuma sun tara dubban rubuce-rubucen Hausa don horar da na'ura. Amma galibin abin da aka tara daga Najeriya ya fito, kuma rubutu ne. Hausar Damagaram, da kalmomin Faransanci da suka narke a cikinta, da yadda ake ƙirgar sefa a kasuwa, kaɗan ne suka shiga. Manoma da dama a Guci saƙon murya suke aikawa ta WhatsApp, ba rubutu ba. Manhajar da za ta ji tambayar manomi kan tsutsar gero ta ba shi amsa tana buƙatar sa'o'i masu yawa na muryoyin mutanen yankin, a naɗe da yardarsu, a rubuce kalma bayan kalma. Ɗalibin shekara ta 3 da ke neman batun kundin kammala karatu zai iya fara tara su da wayarsa a hutun damina.