Tsofaffin kwabbai: me ke sa wasu tsada, wasu kuma su zama tarkace?

A garuruwan masarautar Gumel, irin su Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari, da wuya a rasa gidan da babu 'yan tsofaffin kwabbai a gindin adaka ko cikin kwallar tsohuwa. Lokaci zuwa lokaci kuma akan ji raɗe-raɗin cewa wasu na sayen irin waɗannan kuɗi da miliyoyin naira.

Gaskiya ne akwai masu sha'awar tara tsabar kuɗi a duniya, kuma sukan biya maƙudan kuɗi. To sai dai tsufa kaɗai ba shi ke sa su buɗe bakin aljihu ba.

Darasi daga Amurka

A Amurka akwai ƙaramar tsaba ta santi goma da ake kira dayim, wadda ita ce takwarar kwabo goma, wato sule ke nan a tsohon lissafi. Tun shekarar 1946 take ɗauke da hoton shugaba Franklin Roosevelt.

Waɗanda aka buga har zuwa 1964 kashi 90 cikin 100 nasu azurfa ne, saboda haka farashinsu na bin na azurfa. Daga 1965 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel, kuma galibin waɗannan ba su wuce santi gomansu ba.

Amma a watan Oktoban 2024 an yi gwanjon wata ta shekarar 1975 a kan fiye da dala dubu 500. Dalili shi ne an buga ta ba tare da harafin S ba, wanda ke nuna gidan buga kuɗi na San Francisco, kuma guda biyu kacal aka san da su.

Ke nan abubuwa uku ne ke yanke farashi: ƙarancin tsabar, da ƙarfen da aka yi ta da shi, da kuma yadda ta kuɓuta daga gogewa.

Kwabban Najeriya

Idan aka ɗora kwabban Najeriya a wannan ma'auni, sakamakon ba zai yi wa mutane da dama daɗi ba.

A ranar 1 ga Janairun 1973 ne ƙasar ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo. Kwabo goma na wancan lokaci na ɗauke da itatuwan kwakwar manja, kwabo 25 kuma da gyaɗa, amfanin da jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru ya daɗe yana kwasa ta tashar Gagarawa.

An buga su ne miliyoyi domin cinikin yau da kullum, kuma babu azurfa a cikinsu. Haka ma waɗanda aka fitar a 1991, ciki har da naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay, da kuma kwabo 50 da naira ɗaya da naira biyu da Babban Bankin Najeriya ya fitar a watan Fabrairun 2007, zamanin Charles Soludo.

Hauhawar farashi ce ta kore su daga kasuwa, ba ƙaranci ba. Shi ya sa wanda ya tsallaka iyaka daga Maigatari zuwa Nijar zai tarar ana ciniki da tsabar sefa, alhali a ɓangaren Najeriya ko mai sayar da alewa ba ya karɓar naira ɗaya.

Masu tara kuɗi sukan saye su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wadda ba ta taɓa shiga hannun jama'a ba, ko mai wani kuskuren bugu na haƙiƙa, ita ce kan ɗan yi daraja.

Na zamanin Turawa

Inda ake iya dacewa shi ne a kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin mulkin mallaka. Taro da sisi da sule da fataka da aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce sama da kashi 92 cikin 100. A 1920 aka rage azurfar, sannan aka koma tagulla.

Anini mai huda na 1907 kuwa yana da tarihinsa, domin yana cikin tsabar alminiyam ta farko da aka yi ciniki da ita a duniya.

Sai dai shahara ma takan ruɗi mutum. Kwabban 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus kafin ya cika shekara a gadon sarautar Ingila, an buga su da yawan gaske, don haka ba su da tsada.

Haka nan dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita a ƙasar Hausa. Shekarar 1780 da ke jikinta ba hujjar tsufa ba ce, domin da wannan shekarar aka ci gaba da buga ta har a ƙarni na 20. Darajarta na cikin azurfarta ne, kimanin giram 23 a cikin nauyin giram 28.

Abin lura

Bai kamata a goge tsohuwar tsaba da toka ko lemon tsami ba, domin gogewa na zubar da farashinta a idon masu saye. Maganaɗisu kan taimaka: duk wadda ya kama, to ba azurfa ba ce.

Duk mai sayen da ya nemi a fara biyansa kuɗin gwaji ko na rajista kafin ciniki, alamar damfara ce. Haka kuma mai hanzarin saye a kan kilo, kamar yadda 'yan gwangwan ke yi, zai iya haɗawa da sulen azurfa a farashin tarkacen ƙarfe.

Akwai kuma batun doka. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta lalata ko sayar da takardun naira da tsabar da bankin ya fitar, kuma hukuncin lalatawa ya haɗa da ɗaurin wata shida ko tarar naira dubu 50, ko duka biyun.

Saboda haka kafin a sayar, a duba shekarar da ke jikin tsabar, a kai ta wajen amintaccen maƙerin azurfa ya auna, sannan a ji farashi daga bakin mai saye fiye da ɗaya.