Tukunyar lantarki mai dafuwa da tururi: Me ya kamata a duba kafin a saya?

A watan Mayun 2025 kamfanin SharkNinja ya janye tukwanen girki na lantarki kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas daga hannun jama'a a Amurka, bayan da aka samu rahotanni fiye da 100 na mutanen da suka ƙone.

Matsalar ita ce murfin tukunyar yana iya buɗewa alhali tururi na matse a ciki, sai abinci mai zafi ya fantsamo wa mai girki.

Duk da haka irin wannan tukunya, wadda ke dafa nama da wake da shinkafa, ta yi suya, ta kuma ajiye abinci da ɗuminsa, tana ƙara shiga ɗakunan girki a ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya, inda tsadar iskar gas da gawayi ke sa magidanta neman mafita.

Yadda take aiki

A tukunyar da aka saba da ita, ruwa yana tafasa ne a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, kuma komai yawan itacen da aka ƙara ba zai wuce haka ba. A wuri mai tudu kamar Jos ma bai kai haka ba, domin a kusan digiri 96 yake tafasa.

Amma idan aka rufe tukunya ruf, tururi ya rasa hanyar fita, sai matsi ya ƙaru a ciki, ruwan ya ci gaba da ɗaukar zafi. Tukunyar matsi ta kan risho ko gas takan kai digiri 120 ko 121, ta lantarki kuwa galibi tana tsayawa ne a wajen digiri 115 zuwa 117.

Wannan ƙarin zafi shi ke sa ganda ko ƙafar saniya, da kan cinye sa'o'i a kan murhu, ta yi laushi cikin kimanin sa'a guda, wake kuma ya nuna ba tare da an jefa masa kanwa ba.

Dabarar tsohuwa ce. Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa, Denis Papin, shi ya ƙera tukunyar farko a Landan a 1679, kuma shi ya ƙirƙiro ƙofar da ke sakin tururi idan ya yi yawa don kada tukunyar ta fashe.

Ta lantarki ta fito ne daga China a farkon shekarun 1990. Amma ba ta yi tashe a duniya ba sai da wasu injiniyoyi a birnin Ottawa na Kanada, ƙarƙashin jagorancin Robert Wang, suka fito da Instant Pot a 2010. A rana guda cikin watan Yulin 2016 an sayar da guda dubu 215 a shagon intanet na Amazon.

Wuta kafin komai

Ga mai saye a Kano ko Kaduna ko Maradi, tambaya ta farko ba ta yawan maɓallai ba ce, ta wuta ce.

Kayan lantarki da ake yi don kasuwar Amurka da Kanada suna aiki ne da wuta mai ƙarfin bolt 120, alhali kuwa ta Najeriya da Nijar tana tsakanin 220 zuwa 240. Duk wanda ya jona tukunyar Amurka kai tsaye a soket ɗin gidansa, to ya yi asarar ta nan take.

Wannan abin lura ne ga masu sayen kayan gwanjo da kuma waɗanda 'yan uwa ke aiko wa tsaraba daga waje. Ana iya haɗa ta da na'urar rage ƙarfin wuta, sai dai wadda za ta ɗauki nauyin tukunya babba ce mai tsada. Bayanin ƙarfin wutar yana nan rubuce a ƙasan tukunyar ko a bayanta, kuma dubawa ba ta wuce minti guda.

Sai kuma yawan wutar da take ja. Tukunya mai cin lita shida takan ja kimanin wat 1,000, mai lita takwas kuma wat 1,200. Ƙaramin janareta, irin wanda ake kunna fanka da talabijin da shi, ba zai iya ɗaukarta ba. Mai amfani da sola ma sai ya tabbatar inbatarsa ta fi ƙarfin hakan, musamman idan firji na aiki a lokaci guda.

Sai dai ba ta jan wannan wuta daga farko har ƙarshe. Tana ja ne sosai a minti goma zuwa goma sha biyar na farko, kafin tururi ya taru. Daga nan sai ta riƙa kashe kanta tana kunnawa jefi-jefi, domin jikinta yana riƙe zafi.

Saboda haka dafa wake na iyali matsakaici ba ya wuce rabin yunit na mita. Ko a farashin naira 225 kan kowane yunit, wanda hukumar NERC ta sanya wa masu rukunin A a watan Afrilun 2024, kuɗin bai kai naira 120 ba.

Wannan ne ya sa shirin MECS, wanda Jami'ar Loughborough ta Birtaniya ke jagoranta, ya mai da hankali kan wannan tukunya a ƙasashe irin su Kenya da Tanzaniya, inda wake ke cikin abincin yau da kullum. Batun ya wuce na kuɗi kawai: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasari hayaƙin girki ke haddasawa, ta yi sanadin mutuwar mutane miliyan uku da dubu ɗari biyu a 2020.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar dafuwa fa? Muddin tururi ya riga ya taru, abincin zai ci gaba da nuna na ɗan lokaci. A nan ne tukunya mai maɓallin murɗawa ta fi wasu masu allon lambobi, domin da zarar wuta ta dawo sai ta ɗora daga inda ta tsaya, yayin da wasu daga cikin masu allon sai an sake saita su. A unguwar da wuta ke wasan ɓuya, wannan bambanci ya fi duk wani ƙyale-ƙyale muhimmanci.

Girma da abin da aka yi ta da shi

Lambar da ke jikin kwali takan yaudari mai saye. Ba a cika tukunyar matsi fiye da kashi biyu bisa uku, idan kuwa wake ne ko shinkafa ko wani abu mai kumbura da kumfa, rabi kawai ake zubawa.

Ke nan tukunya mai lita shida tana dafa abin da bai wuce lita uku na wake da ruwansa ba. Za ta wadatar da mutum huɗu zuwa shida. Gidan da ake ɗora sanwar mutum goma sha biyar kuwa, ko mai lita takwas ba za ta maye gurbin babbar tukunya ba, sai dai ta ɗauki aikin dafa nama.

Kwanon ciki iri biyu ne. Akwai na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ke jure kankara da wanki. Akwai kuma mai shafin da ke hana abinci kamawa, mai sauƙin wankewa, amma shafin yana ɓarewa idan ana sa masa cokalin ƙarfe.

Zoben robar da ke cikin murfi shi ke riƙe tururi, kuma yakan saki bayan shekara ɗaya ko biyu. Yana kuma riƙe ƙamshi, ta yadda wanda ya dafa miya mai daddawa zai iya jin ta a shinkafar washegari. Tukunyar da ba a samun zobenta a kasuwa, ranar da ya lalace ta zama kwano.

Masu talla sukan ce tukunyarsu tana ayyuka bakwai, ko goma, ko fiye. Akasarin maɓallan, na kaza da na miya da na wake, aiki ɗaya suke yi, lokaci kawai suka bambanta. Waɗanda suke da amfani na haƙiƙa su ne dafuwa da matsi, da suya a buɗe, da turare, da riƙe ɗumi.

Akwai kuma abin da ba ta iyawa. Tuwo yana buƙatar tuƙi, don haka ba a yin sa a rufe. Kunu da sauran abubuwa masu kauri suna iya toshe ƙofar tururi. Miyar tumatir mai kauri takan kama a ƙasa, tukunyar ta kashe kanta. Ba a kuma cika ta da mai a rufe da nufin suya.

Haka nan idan littafin tukunya ya ce minti 25, bai haɗa da lokacin taruwar tururi da na saukarsa ba, wanda kan ƙara kusan rabin sa'a.

Murfi

Abin da ya faru da SharkNinja ba shi ne na farko ba. A watan Nuwamban 2020 an janye tukwanen Crock-Pot fiye da dubu 900 a Amurka, bayan rahotanni 99 na ƙuna sakamakon ɓallewar murfi. A 2023 shagon Best Buy ya janye kusan dubu 930 na samfurin Insignia, saboda an yi kuskure wajen zana ma'aunin da ke cikin kwanon, abin da ke sa mutane su cika shi fiye da ƙima.

Waɗannan sanannun kamfanoni ne, a ƙasar da hukumar kare masu sayen kaya ke tilasta a sanar da jama'a. Tukunyar da aka janye a can kuwa babu abin da zai hana ta ɓullowa cikin kayan gwanjo a wata ƙasa, ba tare da kwali ko littafi ba.

Tukunya mai inganci ba ta tara tururi sai murfi ya kulle daidai, kuma ba ta buɗuwa sai ɗan ƙarfen da ke tasowa a saman murfin ya koma ƙasa. Mai saye zai iya neman a gwada masa da ruwa kofi biyu a shago. A Najeriya, sabbin kayan lantarki da ake shigowa da su suna buƙatar takardar shaida ta hukumar kula da ingancin kayayyaki, wato SON.

Sauran ya rage ga mai girki. Ba a tilasta wa murfi buɗewa. Ba a sa fuska ko hannu a saman ƙofar tururi. Idan wake ne ko farfesu mai yawan romo, ana barin matsin ya sauka da kansa na minti goma sha biyar ko ashirin kafin a taɓa ƙofar, kuma a ɗaga murfin ta yadda tururin zai fita ta ɓangaren da ba kowa.